Yadda Za Ka Daidaita Jikin Kare da Kyanwa, Ka Tsallakar da Su Bazara Lafiya

Duk shekara, da zarar hunturu ya juya baya iska ta fara ɗaukar ɗumi, tambayoyin masu karnuka da kyanwoyi sukan taru, kuma kusan duk hanya ɗaya suke bi. Masu gidajen gona suna son sanin abin da ke sa karen gadi mai ƙiba ya kwanta yana haki tun hantsi. Mafarauta suna tambayar abin da ke kayar da kare ana tsaka da gudu. Matan gida kuwa damuwarsu kyanwar da ta daina cin abinci ta tare a gindin randa. Duka amsoshin a wuri biyu suke haɗuwa: yanayin jikin dabbar, da irin tanadin da aka yi mata kafin zafi ya kankama.

Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a ƙauyukan Kano da Jigawa yakan haura digiri 40. Kare da kyanwa ba sa gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan abin da ke fita ta dagi. Kare da haki yake fitar da zafi, kyanwa kuma da lasar gashinta da neman wuri mai sanyi. Kitse yana riƙe zafi a ciki, yana takura numfashi, shi ya sa mai teɓa ke riga kowa faɗuwa. Ramammiyar dabba ma ba ta tsira ba, don ba ta da ƙarfin jure ƙishirwa da cuta.

Kayan aikin ba su da yawa: sikeli, gwangwanin madara guda da za ka ware don awon abinci, kasko biyu na ruwa, ɗan littafi da biro, sai ma'aunin zafin jiki irin na kyamis, wanda kuɗinsa bai kai na kaza ɗaya ba. Inda kuɗi ke fita da ɗan nauyi shi ne maganin tsutsa, maganin kaska da allurar rigakafi.

1. Fara da hannu a haƙarƙari

Ido yana yaudara, musamman a jikin dabba mai gashi. Tsayar da ita a ƙafa huɗu, ka shafa haƙarƙarinta da yatsu ba tare da dannawa ba. Hannunka ɗaya ya ishe ka abin gwadawa. Shimfiɗa shi ka shafa bayansa: ƙasusuwa suna jiyuwa ƙarƙashin 'yar fata mai laushi, to haka haƙarƙarin dabba mai daidaitaccen jiki yake. Dunƙule hannun ka shafa gaɓoɓin da suka fito, wannan rama ce. Juya tafin ka shafa tudun da ke gindin yatsu, inda sai ka danna kafin ka ji ƙashi, wannan ƙiba ce.

Daga nan ka duba ta sama. Ya kamata ƙugu ya ɗan shiga ciki bayan haƙarƙari. Ka tsuguna ka duba ta gefe, cikin ya ɗage sama wajen ƙafafun baya, kada ya yi layi ɗaya da ƙirji ko ya rataya. Likitocin dabbobi suna ba wannan duba maki daga 1 zuwa 9. Daidai shi ne 4 zuwa 5, kuma kowane maki ɗaya da ya hau kan 5 kusan ƙarin kashi 10 cikin 100 ne na nauyin da ya kamata.

A kula: kyanwa tana da wata 'yar fata mai lilo a ƙasan ciki, halittarta ce. Kada ka yanke hukunci da ita, haƙarƙari da ƙugu za ka duba.

2. Auna nauyi ka rubuta

Sikelin rataya na masu hatsi ya wadatar. Kyanwa ko kwikwiyo sai a sa a kwando a rataya, a cire nauyin kwandon. Babban kare kuwa, ka hau sikelin ƙasa kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da shi, ka fitar da bambancin. A riƙa yi da safe kafin a ba da abinci, da sikeli ɗaya kullum, a rubuta da kwanan wata. Wannan lambar ce za ta yi maka jagora wajen awon magani da na ruwa, don haka kada a tsallake ta.

3. Kawar da tsutsa da kaska kafin ka taɓa abinci

Ba kowane babban ciki ne ƙiba ba. Kwikwiyo mai tulun ciki da siraran ƙafafu da gashi a hargitse, tsutsa ce ke cinsa. Karya ko kyanwa mai ciki ma takan yi nauyi, kuma cikinsu kwana 63 ne ko kusa da haka. Mai ciki da mai shayarwa ba a rage musu abinci, ƙari ake yi. Idan kuma cikin tsohon kare ya kumbura alhali bayansa ya rame, ruwa ne mai yiwuwa ya taru, aikin likita ne.

Manyan karnuka da kyanwoyi ana ba su maganin tsutsa duk wata 3. 'Yan kwikwiyo kuwa duk mako 2, daga suna mako 2 da haihuwa har su kai wata 3. A sayi wanda aka yi don kare da kyanwa, a ba da shi gwargwadon kilon da ka rubuta.

Kaska tana son zafi. Ka buɗe kunne, tsakanin yatsu, hammata da wuya ka duba. A kama ta dab da fata a ja a hankali har kanta ya fito. Kaskar kare tana ɓuya a tsagar bango da ƙasan ɗakin kare, don haka wanke kare kaɗai ba ya raba shi da ita, sai an share wurin an toshe tsagogin. Ita ce ke kawo zazzaɓin da ke shanye jini: dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu, kare ya ƙi abinci. Kare irin wannan ko rabin zafin da lafiyayye ke jurewa ba zai iya ba.

Gargaɗi: fiya-fiya, maganin feshin gona, kananzir da baƙin mai ba maganin kaska ba ne. Suna ratsa fata, dabbar kuma tana lasa, a ƙare da dalala da jijjiga da mutuwa. Maganin wankan da aka rubuta amitraz a jikin kwalbarsa na kare ne, a surka shi daidai yadda takardar ta ce, a yi wankan da yamma a inuwa, ban da ƙananan kwiyakwiyai. Duk maganin da ke ɗauke da permethrin yana kashe kyanwa, ko da a jikin karen da take kwana kusa da shi aka shafa. Allurar shanu da awaki ma kada a yi wa kare da ka.

A wannan lokacin ne ya fi dacewa a yi allurar rigakafin haukan kare. Ana fara ta daga wata 3, a maimaita duk shekara, har da kyanwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa wannan allura. Ka tuntuɓi sashen dabbobi na ƙaramar hukumarku, ka kuma kasa kunne wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, lokacin da ake yawan gangamin rigakafi. Ka adana takardar shaidar, za ka ga amfaninta a mataki na 8.

4. Awon abinci

Nan ne yawancin mutane ke ɓata aikin. A gida mai yawa kowa yana jefa wa kare abin da ya rage masa: uwargida ƙanzo, amarya ɗumame, yara guntun ƙosai, maigida ƙashi da kitse. Babu wanda ya san jimillar. Saboda haka dokar farko, mutum ɗaya ne zai riƙa ciyarwa, duk wata ragowa a tara ta wurinsa.

Kwana uku na farko kada ka canza komai, ka auna kawai da gwangwani ka rubuta abin da dabbar ke ci a yini.

Kare mai ƙiba: rage kashi ɗaya cikin biyar na wannan adadi. Mai cin gwangwani 10 ya koma 8, a raba biyu, da sassafe da bayan magariba. Tuwo da shinkafa da mai za a rage, ba nama ba. Gurbin da aka rage a cike shi da dafaffiyar kabewa ko karas, cikinsa ya cika ba tare da kitse ya ƙaru ba. Saurin da ake so shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako. Karen da ke kilo 30 alhali 25 ya dace da shi zai riƙa sauke giram 300 zuwa 600 a mako, aikin wata biyu zuwa huɗu ke nan. Wanda ke son karensa ya shiga bazara da sauƙin jiki, tun Disamba ko Janairu ya kamata ya fara. Wanda ya makara ya fara yanzu ta hanyar abinci kaɗai, kada ya ce zai ƙona kitsen da gudu a rana. A sake awo duk mako 2. Idan nauyi bai motsa ba, a fara binciken wanda ke ba shi a ɓoye kafin a ƙara rage kashi ɗaya cikin goma.

Kare ramamme, wanda shi ya fi yawa a ƙauye: tuwo zalla yana cika ciki amma ba ya gina tsoka. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kwanonsa ya zama abin gina jiki. Mafi araha su ne huhu da tumbi da hanji daga mahauta, a dafa ba gishiri ba yaji, sai dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, da wake da ya dahu luguf. Hanta kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako. A ƙara a hankali, ƙananan kwano uku a yini, don cika wa mayunwacin ciki abinci lokaci guda zawo da amai yake kawowa.

Kyanwa: ita maciyar nama ce ta asali. Akwai sinadarin da zuciyarta da idonta ke buƙata wanda a nama da kifi kawai take samunsa, don haka tuwo da miya ba abincinta ba ne ko da ta saba. Madarar shanu ɗanya tana sa wa manyan kyanwoyi da yawa zawo, abin da ba a so a lokacin ƙarancin ruwan jiki. Idan ta yi ƙiba, kamar yadda muzurun da aka dandaƙe yakan yi, kashi ɗaya cikin goma kawai za a rage. Mai kilo 5 ta sauke giram 100 zuwa 200 a wata, ya isa.

Gargaɗi mai girma: ba a horar da kyanwa da yunwa, ko don ta rame ko don ta dage da kamun ɓera. Kyanwa mai ƙiba idan ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, kitse yakan taru a hantarta, ido da dasashi su yi rawaya, kuma yakan kai ga mutuwa. Wadda ta ƙi abinci yini biyu a kai ta asibitin dabbobi.

Abubuwan da ba sa shiga kwanon su biyun: albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, domin suna fasa ƙwayoyin jini, kuma ragowar miya da dafa-duka cike suke da su; sai goro da cakulan, zabibi da inabi, hatsi ko gyaɗa da suka yi funfuna, masu lalata hanta, dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya huda hanji. A waɗannan shekarun Babbar Sallah tana faɗowa dab da ƙarshen bazara. Tulin kitsen layya da ake zuba wa kare a yini ɗaya yakan jawo amai da matsanancin ciwon ciki. Tsoka kaɗan ta fi masa alheri. Abinci mai ruwa kuma saurin lalacewa yake da zafi, abin da ba a cinye ba cikin rabin awa a kwashe.

5. Ruwa

Kare yana buƙatar mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo a yini. Mai kilo 20 zai sha lita ɗaya da ɗoriya, wato ledar fiya wata biyu zuwa biyu da rabi, a rana mai sauƙi. Da bazara ka ninka, mai farauta ko mai shayarwa ma fiye. Kyanwa mai kilo 4 kusan mililita 200.

Kasko ya fi kwanon ƙarfe ko roba, don yana riƙe sanyi, kuma nauyinsa yana hana kifewa. A ajiye biyu a wurare daban, a binne gindinsu kaɗan a ƙasa. A canza ruwan safe da azahar da yamma, a wanke kaskon kullum, a ware shi daga kwanukan gida. Kyanwa ba mai yawan shan ruwa ba ce, sai a zuba cokali biyu ko uku na ruwa ko romon kifi marar gishiri a abincinta.

Gwajin ƙarancin ruwa: ɗaga fatar tsakanin kafaɗu ka saki. Ta koma nan take, lafiya. Ta tsaya ko ta koma a hankali, ga dasashi a bushe yana danƙo, ruwan jiki ya yi ƙasa.

6. Inuwa da makwanci

Inuwa tafiya take yi. Karen da aka ɗaure a gindin darbejiya da safe, kafin la'asar yana iya zama a tsakiyar rana, sarƙa ta nannaɗe turke, kasko ya yi masa nisa. Ka je ka duba wurin da kanka da ƙarfe 12, da 2, da 4. Ɗakin kare na kwano ko keji na ƙarfe da ke tsaye a rana tarko ne. A ɗora masa bunu ko karan dawa a sama, a bar tazarar da iska za ta ratsa, a buɗe gefe biyu. Rumfar zana mai ƙasa da yashi ta fi duk wannan, kuma kusan kyauta ce. A yayyafa wa yashin ruwa da azahar, kare zai tona ya kwanta.

Danshi yana jawo kunama da maciji, don haka a riƙa ɗaga kasko da tabarma ana dubawa, a nisanta tarin itace da duwatsu daga makwancin.

Karnukan ƙasashen waje masu kaurin gashi da masu gajeren hanci sun fi wahala. A taje su kullum a fitar da mataccen gashi, amma kada a aske su ƙwal, fatar za ta ƙone. Kyanwa kuma kada a kulle ta a rumbu ko shago mai rufin kwano don ta yi maganin ɓera. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha sananne ne ga kowa. A bar mata kafar fita da ruwa, kuma inda kyanwa ke farauta ba a zuba maganin ɓera, don cin ɓeran da ya sha guba yana iya kashe ta.

7. Lokacin fita da farauta

Aiki da atisaye daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga 7. Idan ba ka iya jurewa ba, yashin ko kwaltar za ta ƙona dagin kare.

Mafarauta su riƙe jarka ta musamman don karnuka, a tsaya a inuwa duk minti 20 zuwa 30 a ba su kaɗan-kaɗan. Kada a cika wa kare ciki dab da gudu ko yana dawowa yana haki, a bari awa ɗaya ko biyu. Kada a ɗaure masa baki da igiya, kada a cusa shi a buhu a bayan babur, kada a cunkusa karnuka a bayan a-kori-kura mai zafin ƙarfe ba shimfiɗa ba rufi, kada a bar shi a rufaffiyar mota ko na minti kaɗan. Kwanakin da hadari ke haɗuwa bai zuba ba, a ƙarshen Afrilu da Mayu, sun fi haɗari, domin iska mai laima tana rage amfanin haki.

8. Idan zafi ya buge dabba

Zafin jikin kare da kyanwa na lafiya digiri 38 ne zuwa 39 da ɗigo 2. Ana aunawa ta dubura, a shafa wa bakin ma'aunin basilin. Ya kai 40, a tsayar da komai a fara sanyayawa. Ya kai 41, rai na cikin haɗari. Alamomi: haki mai ƙarfi da ba ya lafawa, harshe ya fito ya faɗaɗa ya yi jawur, yawu mai kauri, tangaɗi, amai ko zawo, daga nan jijjiga da suma. Kyanwa kuwa ba ta haki a al'ada. Ka gan ta baki buɗe tana numfashi, abin ya riga ya yi nisa.

A bi wannan jeri. Na ɗaya, a ɗauke ta zuwa inuwa, a cire sarƙa. Na biyu, a riƙa kwarara mata ruwan randa ko na rijiya a wuya, ƙirji, ciki da cinyoyi har ya ratsa gashi ya taɓa fata, ana kare hanci da baki. Kada a ɓata lokaci wajen neman ƙanƙara, ruwan da ke kusa shi ne magani. Kyanwa a jiƙa ta da hannu ko tsumma, a hankali. Na uku, a yi ta fifita da mafici ko faifai, iskar ce ke kwashe zafin. Kada a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, yana tsare zafi a ciki. Na huɗu, idan tana cikin hayyacinta a ajiye mata ruwa ta sha da kanta. Ba a ɗura wa wadda ta galabaita, zai wuce huhu. Na biyar, a auna duk minti 5, a dakata da zuba ruwa idan ya sauko 39 da rabi, don kada sanyi ya wuce kima. Sai an fara sanyayawa ake kama hanyar asibiti, a ci gaba da fifita a tafe.

Gargaɗi: wannan ba zazzaɓi ba ne, maganin mutane ba ya saukar da shi. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Ibufurofen da diklofenak suna huda ciki su lalata ƙodar kare, wadda zafin ya riga ya taɓa.

Akwai kuskuren da ke cin rai ta fuska biyu. Kare mai dalala da tangaɗi, mutanen gari kan ce ya haukace su rufe shi da sanda, alhali zafi ne. Wani kuma ya sa hannu a bakin mahaukacin kare da niyyar taimako. Bugun zafi farat ɗaya yake zuwa, bayan rana ko gudu, da haki mai tsanani, kuma yana sassautawa da ruwa. Haukan kare yakan fara da canjin hali na kwanaki: cizon duk abin da ya gani, sauyin murya, muƙamuƙi a sake. Karenka mai takardar rigakafi ka taimake shi kai tsaye. Baƙon kare ko wanda ba a yi wa allura ba, a watsa masa ruwa daga nesa, a kori yara, a kira malamin dabbobi. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Ko dabbar ta miƙe ta kaɗa wutsiya, a kai ta wurin likita, domin illar da zafi ya yi wa ƙoda da hanji da jini takan bayyana bayan yini ɗaya zuwa uku, kuma sau da yawa sai an yi ƙarin ruwa. A kwanakin nan a sa ido kan fitsari: ya ragu, ya tsaya, ko ya yi duhu. A duba kashi ko da jini, a duba dasashi da fatar ciki ko akwai ɗigon ja. Abinci marar mai, kaɗan-kaɗan, ruwa a kusa, kwanciya a inuwa. Kada kare ya koma farauta ko bin garke sai ya huta aƙalla mako biyu kuma likita ya amince.